Takin da Ya Kusa Kashe Mana Duna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban leƙo nan ba, har wasu na tambaya ko Hajiya ta yi fushi. Ban yi fushi ba. Jiya na ga jakin maƙwabcina yana goga gindin wutsiya a bango, sai na tuna wata jinya da na yi, wadda ban taɓa ba da labarinta ba don gudun dariya.

To yau ku yi dariyarku. Jinyar jaki ce.

An haife ni shekarar da ƙasarmu ta samu 'yancin kai. Babban farin nan ya same ni da goyo a wani ƙauyen Kurfai, tafiyar rabin yini zuwa Filinge. Mijina ya tafi Abijan nema. Aka bar ni da uwarsa, Inna Dela, da jaririna, da baƙin jakinmu Duna.

Rijiyar garinmu ta ƙafe, Duna ke ɗauko mana ruwa daga nesa. Gidan da ba jaki tashi yake ya nufi Yamai. Inna kuwa ta ce ba inda za ta, a nan mijinta ke kwance. In Duna ya faɗi, ko in bar tsohuwa, ko ƙishirwa ta gama da mu tare.

Da farko gashinsa ne ya daina sheƙi. Sai haƙarƙari suka fito, ciki ya kumbura kamar tulu. Ya yi ta goga wutsiya har ta tsige. Sai zawo.

Na ce yunwa ce. A shekarar nan wa bai rame ba? Na shiga rage dusar da muke damawa mu sha, ina zuba masa. Inna ta jiƙa masa kanwa. Maƙerin garinmu ya ɗana masa ƙarfe mai zafi a ciki, Duna na ihu ina kuka. Ba sauƙi.

Ranar da ya durƙusa a hanya da salkar ruwa a bayansa, na ji tsoron da ban ƙara jin irinsa ba.

Inna ta ce, “Ɗiyata, tahi da shi gun likitan bisashe. In ya mutu bisa hanya, mun dai yi namu.”

Ranar kasuwa na goyi ɗana, na ja Duna muka taka a ƙasa har Filinge. Wani mai wucewa ya ce, “Baiwar Allah, sauke yaron ga ki goyi jakin mana!” Amsar da na ba shi ba ta rubutuwa a nan.

Likitan wani dogon Bazabarme ne mai karyayyar Hausa. Ya ɗaga leɓen Duna, dasashi fari fat. Ya ɗebi kashinsa da tsinke, ya dama da ruwa a kan gilashi, ya sa a madubinsa, ya ce in leƙa. Na rufe ido ɗaya na leƙa. Wasu 'yan ƙwayoyi birjik.

“Ƙwan tsutsa ne,” in ji shi. “Ina kike zuba mai abinci?”

“Ƙasa, gun turke.”

“Kina share kashi?”

Na kusa yi masa dariya. Wa ke share taki? A wajenmu barin kashin jaki ake ya taru a gindin turke, bazara ta yi a kwashe a kai gona. Damina biyu ba a yi noman kirki ba, namu ya yi tudu, har alfahari muke da shi. A kan tudun nan nake zuba dusar.

Ya ce, “Madam, wata biyu tsutsa kike kiwo. Jaki hanya ne kawai.”

Wallahi na ji kunya, kuma na ji haushi. Dusar da na hana bakina, ga ni ina shayar da jariri!

Mutum uku suka riƙe Duna aka ɗura masa wani farin magani. Kuɗin bai kai na kaza ba. Ya ba ni wata kwalba ta bayan sati uku, ya ce a sake wurin turke, a riƙa shara kullum, abinci kuma a cikin akushi.

Kwana biyu da komawarmu muka ga abin da ya fito. Inna ta riƙe baki. “Subhanallahi! Waɗanga su ne baƙin da sunka cinye muna dusa?”

Turken ne ya dame ni. Marigayi mijinta ne ya kafa shi, ba wanda ya taɓa gusar da shi, na faɗa mata abin da likita ya ce, amma na kasa ce mata a cire shi. Da safe na fito na tarar da ita tana girgiza shi da hannu biyu. Ta ce, “Malam shi yi haƙuri. Zo kama mini.”

Zawon ya tsaya. Duna ya fara ɗaga kunne. Wutsiya ta fara toho.

Wata safiya na sunkuya ina ɗaura masa salka, sai ya ɗaga ƙafa ya harbe ni a cinya. Na faɗi zaune daɓas. Ina hawaye ina dariya, Inna ta rangaɗa guɗa tana cewa, “Ya warke! Ja'irin ya warke!” Maƙwabta suka rugo, sun zaci maigidana ne ya dawo.

Ba mu tashi ba. Da ruwa ya sauka, Duna ne ya kwashe tudun takin nan ya kai gona, geron ya fi ni tsawo. Inna ta ƙara shekaru masu yawa, kuma a kusa da mijinta aka sa ta.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitan nan da ko sunansa ban tambaya ba. Allah ya jiƙan Inna.

Ku masu jaki ko doki ko alfadari, in dabba na ci tana ramewa, kada ku tsaya kan yunwa. Ku duba dasashi, ku kai kashin a auna, ku bar ƙona ta da ƙarfe. Taki kuwa ku tara abinku, amma nesa da bakinta.

Tabon harbin yana nan a cinyata har yau. Cikin duk tabon da ke jikina, shi kaɗai nake shafawa in ce alhamdulillahi.