Muryar Bubayero a Gidajen Mutane

Rumfa ta ƙarshe a layin masu gyaran rediyo na kasuwar Azare ta Malam Abdulmumini ce, wanda tsofaffin gari ke kira Mumini Fiyano, ko da yake yanzu ba ya son sunan. Ya ba sittin baya. Shekara biyu ya yi yana yawon neman abu ɗaya tak: kaset mai muryar abokinsa marigayi Bubayero, don 'yar mamacin ta ji muryar ubanta. Mutumin da ya naɗi muryar nan fiye da sau ɗari uku da hannunsa, wai ba shi da ko guda a ajiye. Abin haushi ne, wallahi, kuma abin tausayi.

Mafarin komai wani kaset ne da ya maƙale a rediyon wata motar Kwatano da aka kawo masa gyara a 1994. Ya zaro shi, ya sa a rikoda, sai ya ji kiɗa ba kalangu, ba ganga, ba hannun kowa a kan fata, na'ura ce kawai ke bugawa. Daga baya wani direba ya samo masa kwalin a Kano. Turawan Ingila ne su biyu, dogon yana waƙa, gajeren yana tsaye bayan fiyano ya haɗe rai. Sunansu bai taɓa zama a bakinsa ba, sai ya raɗa musu Dogo da Gajere. A hankali ya tara kaset ɗinsu har goma sha ɗaya, ya jera su a kanta bisa shekarun da aka rubuta a bayansu. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta abin da suke faɗa, amma zai gaya maka a kaset na nawa suka sayi sabuwar na'ura, a na nawa kuma muryar Dogo ta fara tsufa.

Bubayero Bafulatani ne daga wata ruga kusa da Itas. Rediyonsa ya kawo gyara ranar kasuwa, ya tarar da kiɗan Turawan nan yana tashi, sai ya fara ɗora masa waƙar kiwo ƙasa-ƙasa, bai ma san ana jinsa ba. Abdulmumini ya ajiye sukundireba ya zuba masa ido. Kafin shekara ta zagayo ya sayar da babur ɗinsa ya sayi fiyano na hannu, suka zama su biyu: shi a bayan na'ura, Bubayero a gaban makirufo.

Waƙar biki suke yi, da ta suna. Dangin ango su zo da sunan amarya da na iyayenta da ƙawayenta, Bubayero ya shirya su cikin Hausa da Fulatanci, a naɗa. Daga Gamawa ana zuwa, daga Itas ana zuwa. Sai dai suna da wata ƙa'ida, kuma Abdulmumini ne ya kafa ta, yana alfahari da ita: kaset ɗin da aka naɗa shi ake miƙa wa mai biki, ba a rage kwafi. A cewarsa, ɗan mutunci ba ya ajiye sunan matar wani a rumfarsa yana kunna wa 'yan kasuwa. Magidanta sun ji daɗin wannan sosai, shi ya sa aiki ya yi musu yawa. Haka muryar Bubayero ta yi ta shiga gidajen aure cikin akwatunan amare, ba ta fitowa.

Sau ɗaya kacal Bubayero ya nemi wani abu don kansa. Ya ce yana so su yi waƙa wadda babu sunan kowa a ciki, irin na Turawan nan, a rubuta shekara a bayanta, a ɗora a kanta. Wata uku suna gyara ta. Waƙa ce a kan wata saniyarsa da ambaliyar damina ta tafi da ita. Waɗanda suka ji ta ranar da aka gama, har yau suna maganarta.

Ba a yi wata biyu ba, wata Asabar da hantsi, sai ga dangin wani ango daga Gamawa, mota na jiransu a tasha, kuma babu sabon kaset ko ɗaya a rumfa. Abdulmumini ya dubi kanta. Ga na Turawa goma sha ɗaya, ga nasu ɗaya. Kai, mutum sai Allah! Hannunsa ya wuce goma sha ɗayan nan, ya ɗauko nasu, ya ce na Ingila idan ya tafi ba a samunsa, nasu kuwa ai mawaƙin yana nan, a sake gobe. Bubayero kuwa Bafulatani ne, ba ya nuna ciwo a gaban baƙi. Ya rera sunan amaryar Gamawa a kan waƙarsa, ya sa takalmi ya tafi. Goben nan ba ta zo ba. Duk lokacin da aka tuna masa, sai ya ce ya manta baitocin. Zuwansa kasuwa ya ragu, ya koma bin shanu, kuma a 2005 zazzaɓi ya ɗauke shi, ya bar 'ya a goye.

'Yar ita ce Jannatu. Ta girma, tana koyarwa a wata firamare a Itas, kuma ita ce ta yi sallama a rumfar wata rana ta ce mahaifiyarta ta ce a nan muryar babanta take. Abdulmumini ya ce ta ba shi lokaci. Abin da ya ƙara masa ƙuna, a makon ne wani maƙwabcinsa mai sayar da wayoyi ya nuna masa Dogo da Gajere a intanet. Komai nasu yana nan, shekara bi shekara, har gwajin da suka yi suka watsar, har tarin da Dogo ya yi kafin ya fara waƙa. Ashe abin da ya yi wa gadi bai taɓa shiga haɗarin ɓata ba.

Ya shiga bin gidaje, tsoho da shi, yana tambayar mazan mutane kaset ɗin bikin matansu. Wasu suka yi masa dariya. Na Gamawa an ce yara sun zare zaren sun yi wasa da shi tun tuni. Na wasu gara ta cinye tare da akwatin. Wani dattijo a Azare yana da nasa lafiya lau, amma ya hana, ya tuna masa cewa shi da bakinsa ya ce sunan matar wani ba na waje ba ne.

A Dagauda aka dace. Hajiya Meram, wata Babarbariya da mijinta ya rasu, ta ajiye nata a cikin kwalla, an naɗe shi da ɗankwali. Ta ce ba zai bar ɗakinta ba, amma su zo su ji. Abdulmumini ya ɗauko Jannatu da rikodarsa, bayan azahar suka zauna a tabarma, ya danna.

Muryar ta fito, siririya, tana ɗan rawa saboda tsufan zare. Minti bakwai tana yabon Meram, da iyayen Meram, da ƙawayen Meram. Jannatu ta sunkuyar da kai, ba ta motsa ba har kaset ya tsaya. Ta share ido da gefen mayafi, ta yi wa Hajiya godiya, sannan ta juyo.

"Baffa, duk na mutane ya yi? Babu ko ɗaya da ya yi don kansa?"

Da ya ce babu, da ta yarda, don duk ɗakin ba wanda ya san gaskiya sai shi.

"Ya yi guda ɗaya, 'yata," ya ce. "Ta fi duk sauran kyau. Ni na goge ta, yana tsaye yana kallona."