Kwaɗon da na sa wa kuɗin takina

Shekarun baya kaɗan, lokacin da bankunan nan na cikin waya suka fara shigowa ƙauyukanmu na wajen Tsanyawa, na yi wata dabara wadda a lokacin nake ganin babu mai kaifin basira kamata a duk faɗin gundumar.

Ni malamin firamare ne, kuma manomi kamar kowa a garinmu. Ina da wani ciwo guda wanda duk wanda ya san ni ya san shi: kuɗi ba sa daɗewa a hannuna. Ba caca nake yi ba, ba kuma wani shashanci ba, bakina ne kawai bai iya cewa babu ba. Duk kaka sai in sayar da gyaɗa da wake, in ware kuɗin takin zamani, in rantse wa kaina cewa ko me za a yi ba zan taɓa su ba. Kafin rani ya raba, suna ya ci nasa, biki ya ci nasa, ɗan kawu da zai tafi Kano neman aiki ya ci nasa. Ni ma ranar kasuwa in na bi ta gaban mai balangu ba na barin kaina a baya. Damina ta faɗi, in tsaya ina kallon gona ina sosa ƙeya.

A kakar wannan shekarar sai na kai kukana wurin wani abokina mai shagon cajin waya a bakin tasha, wanda duk abin da ya shafi waya shi ne malaminmu. Ya karɓi wayata ya nuna mini manhajoji uku. Ta farko, in ji shi, tura kuɗi kyauta ne, ba sa cire ko kwabo. Na ce wannan ai ita za ta ƙarasa ni, mutumin da ake cirar masa kuɗin turawa ma bai daina turawa ba, ina ga an ce kyauta. Ta biyu tana ba da rance cikin minti biyar, na ce ya rufe ta tun kafin mu saba. Ta uku ce ya ce tana da wani ɗaki na ajiya, ka zuba kuɗinka ka kulle, ka sa ranar buɗewa. Na tambaye shi maganar kuɗin ruwa, ya nuna mini inda ake kashe shi. Nan take na ji na samu abin da nake nema tun ina saurayi.

Kullen iri biyu ne. Akwai wanda in ka matsu za ka iya fasawa su ɗan yanki wani abu, akwai kuma wanda ko kai ko su babu mai iya buɗewa sai ranar ta cika. Abokina ya ce in fara da na farkon tukuna in ga kamun ludayinsa. Na yi masa wani kallo na ce, wanda ake fasawa ai sunansa asusun yara, ni na gaske nake so. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna e. Ta sake tambaya, na sake dannawa har da ɗan tsaki.

Saura ranar buɗewa. A nan ne na nuna ni ɗan boko ne. Maimakon in tambayi wani, sai na shiga hotunan wayata na lalubo wani hoto da aka ɗauke ni a gona a daminar da ta wuce, na dafa buhun taki ina murmushi. Na duba kwanan watan da ke jikin hoton, na sa shi daidai. Na ce wa abokina wannan shi ake kira aiki da hujja.

Ranin nan na sha daɗinsa, ba zan ɓoye muku ba. A fuskar manhajar akwai hoton wani kwaɗon kulle ƙofa ruwan zinare, kuma shi ya zama lauyana. Duk wanda ya yi sallama da ni ya fara da doguwar gaisuwa, kafin ya kai ga ainihin maganar na riga na zaro waya. Sai in marairaice in ce wallahi kuɗin suna nan, ga su ma kana gani, amma ni kaina ba ni da iko da su. Ban yi ƙarya ba, ban kuma bayar ba. Har kawuna, ƙanin mahaifiyata, da ya zo neman gudummawar gyaran amalankensa, kwaɗon na nuna masa. Ya daɗe yana kallon wayar, ya ce Allah ya kyauta, ya saka takalmansa. Abin ya kai har wanda bai tambaye ni komai ba sai in nuna masa, a majalisa kuma na koma mai wa'azin tattali.

Ruwa ya sauka a kan lokacinsa. Na shuka masara a gonata ta bakin hanya, wadda ita ce abincin gidanmu na shekara, kuma duk mai shiga gari ko fita sai ya bi ta gefenta. Albashi ya tafi a iri da 'yan ƙwadagon noman farko. Masara ta fito gwanin sha'awa. Da na ga maƙwabtan gona sun fara zuwa da buhuna a bayan babur, sai na koma gida na zauna a tabarma, na buɗe manhaja da niyyar kwasar kuɗina. Kwaɗo na nan daram, a ƙarƙashinsa an rubuta saura kwana ashirin da uku.

Na ɗauka kuskure ne daga wajensu. Na kira matata na nuna mata hoton bara don ta zama shaida. Ta kalli hoton, ta kalle ni, sai ta ajiye tankaɗen da take yi.

"Malam, wannan ai hoton ranar da ka samo taki da ƙyar ne, bayan kowa ya gama sa nasa da kusan wata guda. Ka manta har gaba muka yi a kan maganar?"

Sai a lokacin abin ya dawo mini. Murmushin da nake yi a hoton ba na gwaninta ba ne, na wanda ya tsira da ƙyar ne. Wato na ɗauki makarar bara da hannuna, na sa mata kwaɗo, na ajiye wa bana.

Washegari na fara neman masu bankin. Da farko wata na'ura ce take ba ni amsa a rubuce, duk abin da na faɗa sai ta gode mini ta tambaya ko akwai wani abin da za ta taimaka da shi. Na rubuta mata da Turanci, na rubuta da Hausa, har na ɗauki hoton masarar na tura mata, ta sake gode mini. A rana ta uku na samu mutum a waya, wata baiwar Allah mai sanyin murya. Na tsaya a tsakiyar gona, inda sabis ya fi ƙarfi, na kwashe labari kaf na faɗa mata, har da tarihin gonar tun daga kakana. Ta saurara har na gama.

"Yallaɓai, ranar da ka kulle mun tambaye ka sau biyu, ka ce ko ka dawo kana roƙo kada a buɗe."

Na ce, "Hajiya, wancan mutumin rani ne, bai san komai a kan noma ba. Ni ne na damina, ni za ki saurara."

Na ji tana danne dariya. Ta ce ta tausaya mini ƙwarai, amma ko shugabansu ba shi da mabuɗin, ta yi mini addu'ar Allah ya ba da damina mai albarka.

Masara ba ta san wannan zance ba. Ganyen ƙasa ya fara yin ruwan ɗorawa, gonakin da ke gefena kuwa sun yi kore shar, tawa a tsakiya kamar mai jinya. Kuɗin taki kuma kullum ƙara hawa yake. Abokina ya ce ko in koma wa manhajar rance, na ce ban kai nan ba. In je wurin mutane kuma, da wane ido? Babu gidan da ban nuna wa kwaɗon nan ba. Wata safiya ina tsaye a gona kawuna ya zo wucewa a keke, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ƙare wa masarar kallo, ya ce, "Malam, ita ma a kulle take ne?" Bai jira amsa ba ya taka kekensa. Raina ya ɓaci, amma ko ni ne shi abin da zan faɗa ke nan.

Mutum ɗaya ce ban gaya wa ba, mahaifiyata. Gida ɗaya muke, tana sashenta, tana sana'ar daddawa. A shekarar tana da wani rago da ta saya tun yana ɗan ƙarami da ribar daddawarta, ta shekara tana ba shi dusa da harawa, har wanka take yi masa. Tun rasuwar mahaifinmu ba a yi layya a sashenta ba, kuma ta faɗa wa kowa cewa bana da kuɗin hannunta za ta yi, har ta gama lissafa gidajen da za ta aika wa nama. Babbar Sallah kuwa saura 'yan kwanaki. Na ja wa matata kunne kada ta ji, don ina jin kunya, kuma na san bakinta.

Ashe ta bi ta bakin hanya za ta gaisuwar rashin lafiya, ta ga masarar da idonta. Wadda ta yi shekara hamsin tana ganin gona ba ta bukatar a yi mata bayani.

Ranar kasuwar Tsanyawa na taso daga makaranta da azahar, ina shiga zaure na yi tuntuɓe da buhu biyu na taki an jingine su a bango. Na ɗauka wani ne ya ba da ajiya. Na leƙa sashen Inna in tambaya, sai na ga turke babu rago, igiyar an naɗe ta an rataye a bakin rumfa. Tana zaune tana tsince kalwa kamar ba abin da ya faru. Ashe kawuna ta ba wa ragon ya kai kasuwa ya sayo takin, wannan dai kawun nawa mai keke.

Na durƙusa na ce, "Inna, don Allah me ya sa? Ragon layyarki ne fa."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To ni nawa bankin dusa yake ci, yana kuma ɓata mini tsakar gida, amma ranar da na ce ya tashi, tashi yake. Ɗauki ka je ka zuba tun ƙasa na da danshi, ka bar tsugunna mini a ka."

Na tashi na ɗauki buhunan. Da yammar nan ni da matata muka bi masarar gindi-gindi muna sa taki, kuma ban yi wa kowa wa'azin tattali ba.

Ranar Sallah ita ce ta fi yi mini wuya. Inna ta yi kwalliyarta ta zauna a ƙofar ɗaki, yara suna ta shigowa da kwanuka daga gidajen da ta yi niyyar aika wa, tana karɓa tana sa albarka tana tsokanar su. Ko sau ɗaya ba ta kalli wajen turken ba. Ni ne na kasa zama a gidan, na fita na yi ta zagaya gona da sabuwar riga kamar mai gadi.

Kwana goma bayan Sallah wayata ta yi ƙara. Manhaja ce take taya ni murna, furanni suna zubowa a fuskar wayar, wai na cika burina, na nuna jajircewa. Ban taɓa jin sha'awar jefa waya a rijiya ba sai ranar. Kasuwa na zagayowa na je na sayo rago, wanda ya fi nata girma ma, don bayan Sallah sun yi araha. Na ja shi har gabanta ina jiran yabo. Ta duba haƙoransa, ta taɓa bayansa, ta ce in ɗaure shi.

"Allah ya yi albarka. Sai dai layya ma kamar takin nan naka take, ranarta ake yi. Wannan na baɗi ne, in muna da rai."

Allah ya sa muna da ran, ta yi layyarta a shekarar da ta biyo baya, kawuna ma ya samu cinya guda.

Har yau ina amfani da manhajar nan, kuma ban ce ta cuce ni ba, abin da na ce ta yi shi ta yi. Na zauna na zaɓi wadda ta dace da ciwona, wannan kam na yi daidai. Inda na kuskure shi ne na ɗauka kuɗin taki nawa ne ni kaɗai, alhali tuwon gida guda ne a ciki, ban kuma tambayi ko mutum ɗaya daga masu cin tuwon ba. Yanzu kullen da ake iya fasawa nake yi, ranar buɗewa kuma sai na je sashen Inna da wayar, ita da matata su faɗa, ni in danna.

Masarar shekarar ta farfaɗo, ta yi kyau fiye da yadda na cancanta, mun ci har wata kakar. Mutane suna ta yaba mini, wai dabarar kulle ta yi rana, ni kuma ina amsawa da yaƙe. Duk daren da aka ajiye mini tuwonta sai na tuna da Inna zaune a ƙofar ɗaki tana karɓar naman mutane, kuma har muka cinye buhun ƙarshe ban taɓa neman ƙari ba.