Zauren Kakanmu da Shagon da Ban Buɗe Ba

Duk lokacin da na ji warin ƙasar gini, wadda aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa, sai tafin ƙafata ya fara ƙaiƙayi. In ba ka taɓa taka ta ba, ba za ka gane ba.

Kakanmu magini ne. Shi ya gina zauren gidanmu a Gumel, a bakin titin da ya miƙe Maigatari, tun babanmu yana goye. Ƙasarmu yashi ce, ba ta kama gini, sai an je kududdufi da jaki an ɗebo mai danƙo. Da bazara, in hadari ya fara leƙowa ta gabas, sai ya sa a jibge ta a ƙofar gida, a zuba ruwa, mu jikoki mu shiga da ƙafa. Ka nutse har gwiwa, ƙaya ta soke ka, shi yana tsaye da sanda. Sannan ya hau tsani ya yi yaɓe, ya bi da yatsu yana murɗa zane a jikin bango. In ya sauko sai ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya ya ce, "Ya zauna." In bai yi masa ba ya ce, "Bai zauna ba," a kankare a sake. Ni ma haka yake ce mini: "Wannan abokin nawa bai zauna ba."

Bai yi ƙarya ba. Ina aji biyu na sakandare na gudu. Na yi yaron mota, na yi dako a kasuwar Maigatari, na yi acaɓa. Ƙanwata ce ta zauna. Yanzu tana jami'a tana karanta zanen gine-gine.

Bara na ce bari in nutsu. Duk layinmu kowa ya fasa zaurensa ya yi shago, don manyan motoci nan suke tsayawa. Na sami Baba na ce a rushe namu, in sa bulo da kwano, in riƙa sayar da baƙin mai da kayan babur. Ya ce to, bari damina ta wuce. Har na yi magana da mai bulo.

Sai ga ƙanwata ta zo hutu. Na shigo na tarar da ita kwance rigingine a tsakar zaure, tana ɗaukar rufin hoto da waya.

"Yaya, ka san abin da za ka rushe kuwa?"

"Na san shi mana. Wa yake taka ƙasarsa?"

"Dubi yadda bakunan rufin nan suka haɗu a tsakiya. Malaminmu ya ce irin wannan kyan ya kusa ƙarewa a ƙasar nan."

Na ce, "To malama, mene ne kyau?"

Ta ce zango guda suka yi a aji a kan wannan tambayar. Na ce sun samo amsa? Ta yi dariya ta ce, "Ba a samunta haka, Yaya."

Baba yana gefe yana ji. Ni na san ba bayaninta ne ya juya shi ba. Ginin ubansa ne, da ma jira yake wani mai boko ya faɗi abin da ke ransa. Washegari ya ce mini, "Mu dakata tukuna." In Baba ya ce tukuna, an gama.

Abin da ya fi ci mini rai, ba ƙarya ta yi ba. Ni ma in na kwanta a ciki da rana tsaka, sama nake kallo. Amma ita hoton ta tafi da shi, ni aka bar wa bangon. Tun rasuwar Kaka yaɓen nan a wuyana yake, yaran yanzu kuwa ba wanda zai shiga taɓo. Bana ni kaɗai na taka.

Shagon baƙin mai kuma maƙwabcinmu ya buɗe. Yanzu direbobi can suke saye, sannan su tsallako zaurenmu su miƙe ƙafa, don shagon nasa na kwano ba ya zaunuwa saboda zafi. Jiya wani ya cire hula, ya ɗaga kai ya ce, "Kai, wurin nan da sanyi! Don Allah samari, kada ku bari a taɓa shi."

Na tashi na ba shi tabarmata.