Mama Asibiti da Bugun Ƙofa

Shekara ashirin da shida ta yi tana goge ƙasa da canja zanen gado a sashen mata na wani asibiti, shi ya sa ko bayan ta yi ritaya sunan bai sake ta ba: Mama Asibiti. Ba nas ba ce, ko allura ba ta taɓa yi wa kowa ba. Amma ta juya marasa lafiya da yawa a kan gado, ta rufe idanun mamata da yawa, har ta kai idan ta shiga ɗaki hancinta kan gaya mata abin da likita bai riga ya faɗa ba. Mijinta ya rasu tuni, 'ya'yanta biyu suna can wani gari, ita kaɗai ce a gidanta.

Lokacin da ta fara zuwa cocin unguwar, tsohon shagon kafinta ne mai benci shida, har ƙamshin katako bai gama fita ba. Faston matashi ne, wa'azinsa dogo, mutanensa kaɗan. Wata Lahadi bayan sujada ta tare shi a bakin ƙofa.

"Fasto, ɗana, matar da ke zama bayana sati uku ba ta zo ba. Ka san dalili?"

Ya sosa ƙeya, bai sani ba.

"To, kai ka ci gaba da wa'azi. Ni zan ci gaba da tafiya."

Daga nan aikin ziyara ya fara. Ta ɗauki mata biyu, wata mai kitso da wata matar direba, kullum Talata da Alhamis suna biye da ita gida gida. Koyarwarta ba ta allo ba ce. Takan ce musu, "Kada ku zauna a gadon mara lafiya. Kada ku buɗe Littafi Mai Tsarki alhali kwanukansa na nan ba a wanke ba. Ku yi shara, ku ɗebo ruwa, in ya tambaye ku wa ya aiko ku, sannan ku faɗa." Bayan wata shida ta ce kowaccensu ta nemo nata biyun ta koya musu. Babu mai karɓar ko sisi. Cikin shekara huɗu sai da aka rushe bangon shagon aka ƙara faɗi, don benci ya kai arba'in, har maza suka shiga aikin.

A shekara ta biyar ne abin ya fara. Wata Laraba da hantsi tana shanya, ta ji an buga ƙofar gidanta sau uku, a hankali. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, bugun ba daga sama ya zo ba, can ƙasa ne kusa da dokin ƙofa, kamar mai bugun yana kwance. Ta buɗe. Layin wayam, rana tarwai, ko kaza babu. Tana tsaye sai gidan wani tsohon maigadi ɗan cocinsu ya faɗo mata a rai, tunanin ya ƙi barinta. Ta zura takalmi ta tafi. A banɗaki ta same shi yashe, ɓarin jikinsa ya mutu. Kwana biyu ya yi a asibiti ya cika, hannunsa cikin nata.

Ta ce wa kanta dacewa ce kawai. Amma bayan wata biyu bugun ya dawo, kullum da rana, kullum sau uku, kullum daga ƙasa. Duk gidan da ƙafarta ta kai ta, sai ta tarar da wani a bakin mutuwa. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba, kuma waɗanda ba su tashi ba su ne mutane suka riƙe a rai.

Da farko da wasa ake yi. Idan ta biyo layi sai wani ya ɗaga murya, "Mama, mu nan lafiyarmu ƙalau, ki yi gaba!" A yi dariya, ita ma ta yi. Daga baya dariyar ta ƙare. Ta fara jin ƙarar sakata tun kafin ta iso ƙofa. A coci, bencin da take zama sai ya rage ita da mai kitso. Matar direba ma ta ce ƙafarta na ciwo, ta daina fita.

Fasto ya kira ta ofishinsa, ya rasa ta inda zai fara.

"Mama, mutane suna jin tsoro."

"Ni fa, ɗana? Ka zaci ni ba na ji? Ni ce ke buɗe ƙofar nan in ga babu kowa."

Ya roƙe ta ta ɗan huta, ta yarda. Ta ƙudura a ranta ko an buga ba za ta ƙara tashi ba.

Ranar Alhamis da azahar aka buga. Ta zauna a kujera ta riƙe gwiwoyinta tana addu'a har ƙarar ta wuce. Ranar Juma'a aka sake, amma ƙarfin ya ragu, tsakanin bugu da bugu akwai jinkiri. Ranar Asabar da safe ba bugu ta ji ba, wani ɗan karce ne kamar na farce a jikin katako, sau ɗaya, sai shiru. Wannan shirun ne ya tayar da ita. Ta biya shagon mai kitso ta ce, "'Yata, bar kan nan ki zo."

Wannan karon babu fuskar da ta faɗo mata, ƙafafunta ne kawai suka san hanya. Suka ƙetare titi, suka shiga wani gidan haya mai bene inda babu ɗan cocinsu ko ɗaya. Suka hau sama, har ɗaki na ƙarshe. Ƙofar a kulle take ta ciki. Maƙwabci ya ce wata tela ce baƙuwa, ba ta daɗe da tarewa ba, kuma kwana uku ke nan bai ji keken ɗinkinta ba. Shi ya sa kafaɗa ya ɓalle sakatar.

Matar na kwance a ƙasa tsakanin keke da gado, zazzaɓi ya cinye ta, leɓɓanta sun tsage. Bokitin ɗakin a bushe ƙaraf. Amma kusa da kanta akwai kofi da ruwa rabi, a goshinta kuma akwai tsumma mai damshi, an ninke shi gida uku tsaf. Mai kitso ta kalli tsumman ta kalli Mama, don ninkin hannun Mama ne, shi ta koya musu.

Telar ta buɗe ido da ƙyar, ta yi murmushi.

"Kin dawo, Mama. Jiya kin ce za ki dawo."

Mama Asibiti ba ta taɓa ganin matar nan ba. Ta dubi tagar, ƙarfe ne a gicciye, ko kyanwa ba za ta shiga ba. Ta durƙusa kusa da matar. Hannunta ya saba, tun kafin ta dawo hayyacinta ya riga ya tallafo kan matar yana ba ta sauran ruwan.

Telar ta rayu. Da Mama ta ba Fasto labari, sai ya ce, "Mama, wannan ba su koya mana shi a makaranta ba." Suka yi addu'a tare, bai ƙara ce mata ta huta ba. Ƙofofi da dama sun sake buɗe mata, wasu kuwa har ta bar duniya ba su buɗe ba. Ita ma ba ta ƙara barin bugu ya kwana ba.

Shekara bakwai ta ƙara tana tafiya, har ƙafa ta gaza. Wata safiya aka same ta zaune a kujera, takalmi a ƙafa, gyale a kafaɗa, ƙofar gidan a buɗe, ta riga ta yi sanyi. Ranar jana'izarta rabin mutanen da suka cika cocin Fasto bai san su ba.

Telar nan ce yanzu ke jagorancin masu ziyara, sun haura sittin. Har gobe tana rantsuwa cewa Mama ta zo mata ranar Juma'a, ta ba ta ruwa, ta ce ta yi haƙuri da jinkirin. Mai kitso kuwa ta san inda Mama ta wuni a wannan Juma'ar, don ita ta kai mata abinci ta tarar da ita zaune a kujera a gidanta tana addu'a. Idan aka tayar da zancen a shagonta, sai ta ƙara danne kan wadda take wa kitso ta ce a yi wata hirar.