Rigar Sanyin Uwar Nafisa

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku, ga wata nan tafe gare ku.

A Kurfi aka haife ni, a gidan da kakata ta wajen uba, Iya Hansai, take da ɗaki kusa da rumbu. In an gama girbi sanyi ya fara sauka, da an yi magariba an ci tuwo sai ta sa a tura mata guntun icce a murhu, ta shimfiɗa tabarma, ta jawo kwandon audugarta. Mu yara mu kewaye ta, ƙafafu wajen wuta. Ban taɓa ganin ta yi tatsuniya hannu sake ba. Mazari na juyawa cikin 'yar tasa, tana dangwalar alli da yatsa, zare na fitowa. In labari ya yi daɗi mazarin ya yi sauri, in an zo wurin tsoro ya tsaya cak. Shi muke kallo mu san abin da ke tafe.

A hannunta na fara riƙe allura. Da aure ya kawo ni Dutsin-Ma na koyi ɗinkin hula da surfani a jikin rigar filo, daga baya wata matar ma'aikaci da muka yi maƙwabtaka ta koya mani saƙa da tsinke biyu. Ban taɓa mai da shi sana'a ba. Hannuna ne dai ba ya son zama haka nan.

Cikin tatsuniyoyin Iya akwai wadda muka fi roƙo. Wata mata ce, in ji ta, maƙwabciyarta za ta yi tafiya mai nisa, ta kawo mata ajiyar farin zane na saƙi. Ran nan matar ta fiddo shi ta sha kallo a bakin murhu, tartsatsi ya tashi ya yi masa huda kamar ƙwayar riɗi. Gabanta ya faɗi. Ta yanko bakin zanen ta yi wa hudar maho. Mahon ya fi hudar muni, ta farke shi. Bakin zanen kuma ya karkace, sai ta yanke ɗaya bakin don su zo daidai.

"Ta ce, bari in ɗan gyara," in ji Iya.

Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Ta ɗan gyara!"

Haka ta yi ta gyara. Zane ya koma majanyi, majanyi ya koma ɗankwali, ɗankwali ya koma ƙyalle kamar tafin hannu. Ranar da mai zane ta dawo ta ce ina ajiyata, aka miƙa mata ƙyallen, ga hudar nan a tsakiyarsa ba ta je ko'ina ba. Ta duba, ta ce, "Wannan 'yar hudar? Ai da kin nuna mani, da na juya ta wajen ƙugu na ɗaura, ba mai gani."

Mu yi ta dariya har muna faɗuwa kan juna, muna cewa wawuya. Iya ba ta dariya. Sai ta naɗe zarenta a jikin mazari ta ce, "Ku yi ta yi. Ba wauta ce ta kama ta ba, kunya ce. Kuma duk cikinku ba wadda ba za ta riƙe almakashi ba."

To, ga ni yau na kai shekarun Iya, ina zaune gidan ɗana Sani da matarsa Nafisa, malamar firamare, yarinya mai ladabi 'yar mutanen Kutawa. Masu saƙa sun san abin da zan faɗa. Zaren ulu na kanti ba ya da kauri, in an wanke sau biyu ya saki. Mu abin da muke yi, ranar kasuwa mu zaɓo rigunan sanyi na gwanjo, mu wanke, mu shanya, mu farke ɗinkin gefe, mu kama bakin zare mu warware. Sai a naɗe shi a ƙafafun kujera a ɗora kan tururin tukunya har lanƙwasarsa ta miƙe, ya dawo kamar sabo.

Wata rana da bazara na wanke rigunan gwanjo guda huɗu na shanya a igiya. A ranar ne kuma Nafisa ta fiddo kayan akwatinta ta rataya a igiyar nan su sha iska, ta tafi makaranta, ta bar wa ƙanwarta Hauwa, wadda ta zo mana kwana biyu, ta mayar mata da su. Da la'asar na kwashe nawa. Ban ƙirga ba. A cikinsu akwai wata ruwan hanta, saƙar hannu, da ado kamar kitso daga wuya har ƙasa. Na yaba hannun da ya yi ta, sannan na sa almakashi. Zarenta ya yi mani hular jarirai biyu da safa, na kai gidajen suna. Saura na dunƙule na ajiye.

Sai da sanyi ya zo Nafisa ta buɗe akwati. Na ji tana zazzage kaya, sannan ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa.

"Inna, ko kin ga wata rigar sanyi ruwan hanta, mai kitso a gaba? Mahaifiyarmu ce ta saƙa ta da hannunta, shekarar da za ta rasu. Ita kaɗai ce abinta da ke wurina."

Dunƙulen zaren yana cikin kwando a bayana, ɗankwali ne kawai ya rufe shi. Surukata ce, ko ɗakinta ban cika shiga ba, yaya zan dubi idonta in ce ni na cinye mata gado? Na ce, "Ki dai ƙara dubawa, ɗiyata."

Tun daga ranar na kama aiki a ɓoye. In ta tafi makaranta sai in fiddo tsinkuna, ina saƙa ina tuno yadda kitson yake. Niyyata in gama in cusa ta bayan akwati, a ce faɗawa ta yi. Ina rabin baya na ga zaren ya kusa ƙarewa. Na ɗauki mayafi na je gidan da na kai hula ɗaya, na ce wa mai jego ta ara mani zan ƙara mata kwalliya. Aka cire ta daga kan jariri aka ba ni, ana ta godiya. Na warware rabinta na ga ita ma ba za ta isa ba. Na hau keke napep na zaga kasuwa rumfa rumfa, na samo wani zaren mai kama da shi na haɗa.

Ƙawata Hajiya Uwani ce ta fara gani, don ita ba ta jiran a amsa sallama. Ta ɗaga saƙar a rana, ta juya ta.

"Indo, wannan riga ce ko hantar da ta kwana a faranti? Sama ja, ƙasa baƙi."

"Ki rage murya, don Allah."

"Kitson ma ya tafi hagu kamar mai kitson ta yi gyangyaɗi. Wa za ki ruɗa da wannan? Ko Sani da bai san gaban riga da bayanta ba sai ya gane."

Na ba ta labari. Ta daina dariya, ta ce in je in faɗa. Na ce sai na gama tukuna.

Abin da ban sani ba, wutar ta riga ta kama wani wuri. Ran nan ina alwala a bayan ɗakin Nafisa na ji ta a waya. "Hauwa, ke kika rufe akwatin nan. Da kin ce kina so ai da na ba ki, uwarmu ɗaya. Amma ki ɗauka ki yi shiru?" Na ji kukan Hauwa yana fitowa ta cikin wayar, tana rantsuwa. Daga nan ba su ƙara kiran juna ba. Marayu biyu, ba su da kowa sai junansu.

Duk da haka ban je ba. Na ce sauri zan ƙara. Washegari da hantsi na auna na ga zaren ba zai kai hannu biyu ba, sai na yanke shawara in farke hannun da na gama, in gajarta su duka. Na ɗauki almakashi, na ce a fili, ni kaɗai a ɗaki, "Bari in ɗan gyara."

Wallahi sai da na ji muryoyinmu na yarinta sun amsa, "Ta ɗan gyara!"

Na ajiye almakashin. Shekara da shekaru ina ɗauka darasin labarin nan shi ne a kula da kayan mutane. Ashe Iya ba hudar take nuna mana ba, abin da mutum ke yankewa don kada a gan shi da laifi take nufi. Waccan matar zane ta cinye. Ni zumunci nake yanka.

Da Nafisa ta dawo ta yi azahar, na tattara komai a faifai: rabin rigar, da guntun dunƙulen, da hular da na warware rabi. Na yi sallama a ƙofarta. Ta miƙe da sauri tana gyara ɗankwali, don ba ta saba gani na a nan ba. Na zauna a ƙasa. Ta ce, "Haba Inna, ga kujera." Na ce nan ya dace da ni. Na faɗa mata duka, tun daga igiyar shanya har ƙaryar da na yi wa mai jego.

Ta ɗauki dunƙulen ta kai hancinta, hawaye na zuba. Na jira faɗa, ko a ce mani ba komai da bakin da ke nufin akwai komai. Sai ta ce, "Ke nan ba Hauwa ba ce."

"Ba ita ba ce. Ni ce."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. Ta sake cewa, "Alhamdu lillahi. Inna, wata guda ba na barci. Ba rigar ce ta hana ni ba, tunanin ƙanwata za ta iya yi mani haka ne."

Nan take ta kira waya. Da ƙyar Hauwa ta ɗauka. Na ce a ba ni, ni zan fara. Na roƙe ta gafara da bakina, ta ce, "Inna, ki bari, kin girme wannan." Sannan suka yi ta kuka su biyu, har Hauwa ta koma dariya ta ce, "Yaya, kin manta? Ai uwarmu ma rigar Baba ta warware ta saƙa ta, har ya yi kwana uku yana cigiya."



Ban ce Nafisa ba ta ji ciwo ba. Ta yi kwanaki ba ta son kallon kwandona, ni kuma ban matsa mata ba. Ta hana ni ƙarasa rigar, ta ce ba hannun uwarta ba ne, kada a yi wa juna ƙarya. Zaren asali ta sa na ware daga na kasuwa, aka raba shi biyu.

Hauwa ta zo daga Kutawa ta karɓi rabonta, yana cikin akwatinta bai zama komai ba, ta ce haka take son shi. Nafisa ta koyi saƙa a wurina, ta yi wa kanta abin wuya da nata rabon, layi ɗaya matse layi ɗaya sake, tana sa shi zuwa makaranta. Jaririn da na tuɓe wa hula na saƙa masa wata shuɗiya, na gaya wa uwarsa gaskiya, ta yi dariya har da riƙe ciki. Hajiya Uwani har gobe in ta shigo sai ta dafe mayafinta ta ce kada in warware. Iya Hansai tana kwance a Kurfi, Allah ya haskaka makwancinta.

Ni kuwa ina nan da tsinkunana. Sai dai yanzu duk rigar da zan farke, ko da hannuna na sayo ta, sai na fito tsakar gida na ɗaga ta sama na ce, "Ta wa ce?" har sau uku. Ba na taɓa almakashi sai na ji muryar Nafisa daga madafi ta ce, "Taki ce, Inna, ki warware."

Nan ta ƙare, kowa ya ɗauki abin da ya tsinta.