Babur ɗin Kawu Ɗalhatu

A wurin rabon naman layya na fara jin sunansa. Ina ƙarama, kakata tana kasa soyayyen nama a faranti, sai ta ware wani kaso ta zuba a gwangwani ta ce, "Wannan na Ɗalhatu ne." Na tambayi Umma wane ne Ɗalhatu, ta ce yayanta ne, yana Dubai. Naman yakan kai har Muharram a gwangwani, daga baya mu yara mu cinye.

Ban gan shi da idona ba sai da aure ya kawo ni unguwar Deira a Dubai. Mijina Izzuddeen ne ya kai ni ofishin kago, na aika kaya ƙasashen waje, da Kawu yake aiki a Al Sabkha. Na tarar da dattijo siriri yana liƙa sunaye a jikin kwalaye. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Goshin Murjanatu ne wannan." Sunan Umma ke nan. Ya aika aka sayo mini shayi, daga nan kuma hira ta ƙare mana.

Matarsa ta rasu tun ban yi wayo ba, ba su samu haihuwa ba, bai sake aure ba. Yana kwana a wani fulat a Al Muraqqabat, gado a kan gado, da samarin da a haife ya haife su. Abin da ya mallaka a garin nan tsohon babur ne baƙi, wanda ya saya hannun wani tela ɗan Pakistan da zai koma gida. Yana ajiye shi a ƙasan benensu, bayan wani ginshiƙi.

Telan ya taɓa gaya masa cewa a ƙasashen ƙanƙara da sanyi ake jingine babur. A nan kuwa sai zafi ya shigo, lokacin da kwalta ke ƙona tafin takalmi. Na ga yadda yake yi. Zai cika tanki har baki don kada tsatsa ta samu wuri, ya tsiyaya maganin fetur daga wata 'yar kwalba, ya tayar da injin ya bar shi yana ƙugi har maganin ya ratsa kafireto. Ya ce idan ba haka ba fetur yakan tsufa ya yi danƙo ya toshe komai. Sannan ya cire batir, ya lulluɓe babur ɗin da tamfol, ya hau bene da batirin a rungume ya tura shi ƙarƙashin gado.

Faizal, ɗan Zangon Kumasi da ke kwana a gadon sama, ba ya ƙyale shi.

"Alhaji, amarya ta shiga lalle ke nan? Sai Nuwamba?"

"Ta fi ka hankali. Ita ba ta minshari."

"To batirin nan fa, shi ma ya fara biyan kuɗin gado, wallahi."

Idan sanyi ya sauko, ranar hutunsa yakan hau babur ɗin ya fita bayan gari shi kaɗai, ya tsaya inda gine-gine suka ƙare, ya sha shayinsa a fulas ya juyo. Na tambaye shi me yake gani a can. Ya ce, "Ba komai, 'yata. Wurin ne ba mai ce mini matsa."

Bara ofishinsu suka ce ba za su sabunta masa biza ba, shekaru sun ja. Umma ta yi murna har da kuka. Ta sa aka gyara ɗakin zaure a gidanmu na Funtuwa, aka yi fenti, ta ce har rumfar babur an kafa masa. Izzuddeen ya samo wa babur ɗin gurbi a kwantenar da za ta tashi zuwa Legas. Sharaɗi ɗaya ne, kuma Kawu ya fi kowa saninsa: ba a loda babur da mai a ciki, sai an zuke tankin tas.

Ranar da za a ɗauki babur ɗin muka je da jarka da tiyo. Zafi ya riga ya shigo, ƙasan benen kamar tanda. Muka same shi tsugune, gumi ya jiƙa masa riga, injin yana aiki, 'yar kwalbar nan a gefensa babu komai a ciki. Izzuddeen ya buɗe tanki ya leƙa. Cike yake har baki.

"Kawu, ai motar loda tana hanya."

"Ka ce musu khalas, an fasa, su ba wani gurbin."

"Kawu, bizar fa ba za ta..."

"Na sani, Malam Izzu. Ni nake liƙa wa kaya suna, na san wanda ke dawowa da wanda ba ya dawowa."

Na ce masa Umma ta kafa rumfa. Ya shiga goge madubi da gefen hularsa. Can ya ce sau ɗaya ya je gida bayan rasuwar kakata, yaran gidan suka shiga ciki da gudu suna cewa an yi baƙo. Ya ce, "In na tafi da babur ɗin nan, ba abin da ya rage nawa a inda aka san ni."

Yanzu yana Funtuwa. Umma ta ce yana cin abinci, yana zuwa masallaci, da la'asar yakan sa kujera a ƙarƙashin rumfar ya zauna. Mai gadin benen ya fara tambayarmu yaushe za a kwashe babur ɗin, maganin da ke cikin tankin kuma Kawu da kansa ya ce ba ya wuce shekara. Ban gaya wa Kawu ko ɗaya ba. Batirin yana ɗakinmu.

Ranar tafiyarsa, a filin jirgi, bayan ya yi sallama da Izzuddeen, ya jawo ni gefe ya rage murya.

"'Yata, abu ɗaya. Duk wata ki sa mijinki ya ɗan tura babur ɗin gaba ko baya, ko da taku ɗaya ne. In taya ta daɗe a kan gefe guda, kwanciya take yi. Ke ma ki riƙa binsa, ki ɗaga tamfol ɗin ki duba mini."