Yayata Tela da Manhajar Gadi

Yayata tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, keken ɗinki biyu, madubi mai tsaga, da fankar da ba ta tashi sai an tura ta da sanda. Tun rasuwar mijinta ita kaɗai ke riƙon 'yarta, wadda muke kira Shiru-shiru. Yaya ba ta shakkar kowa, amma ranar da yarinyar ta samu waya hankalinta ya tashi.

Wata mai kawo ɗinki ta ba ta labarin manhajar da ke nuna wa uwa duk inda ɗanta ya leƙa a intanet. Sai Yaya ta kira ni, ni da ake wa kallon masanin waya a gidanmu don kawai ina sa tabarau. Na harɗe a benci, na karɓi wayoyin biyu, na yi ta latse-latse, na ce an gama.

Kwanaki suka shuɗe babu rahoto ko ɗaya. Yaya ta ce tarbiyya ce, har tana yi wa ƙawayenta fariya. Wayar Yaya kuwa ta tsiro da sabon hali: da ta buɗe bidiyon biki sai ta kulle kanta. Na duba, na tabbatar mata batir ne.

Wata rana Shiru-shiru ta dawo daga makaranta, ta zauna kusa da keken, ta gaya wa uwar cewa wani babban mutum ya dame ta da saƙonni yana neman hotonta. Ta toshe shi, ya dawo da sabon suna. Yaya ta ɗauke ƙafa daga keken, ta tambaya me ya hana manhajar faɗa.

"Mama, ai ke ake gadi," in ji yarinyar. "Kawu a wayata ya sa ɓangaren iyaye. Ni nake kulle miki, don ɗinkin mutane yana kwana."

Ina wurin. Na nemi inda zan sa kaina na rasa. Yaya ta yi dariya har da hawaye, can kuma dariyar ta tsaya, ta jawo yarinyar jikinta ta daɗe ba ta sake ta ba.

Sun kai ƙarar mutumin, aka rufe shafinsa. Mai gyaran waya ya daidaita manhajar, yanzu rahoto na zuwa kullum. Yaya ta ce har yau bai gaya mata abin da yarinyar ba ta riga ta faɗa mata da bakinta ba, suna ninke kaya kafin su rufe shago.